Matakala Hamsin da Huɗu

Litinin, 11 ga wata, tara da rabi na safe

Saƙo ya shigo daga sabuwar manajarmu. Daga ɗaya ga wata mai kamawa kowa ya koma ofis, Litinin zuwa Juma'a, an daina aiki daga gida. Ta ce annoba ta wuce, kulle ya zama labari, kujeru sun gaji da jiranmu. Har da hoton fuska mai murmushi a ƙarshe.

Na karanta sau biyu, na koma kan taswirar asibitin yara da ke gabana.

Shekara uku ke nan ina aiki a ɗakin nan. Taswirar gini arba'in da ɗaya na fitar daga kan teburin nan, ko ɗaya ba a dawo mini da ita gyara ba. Ko ɗaya. Duk wanda ke ganin sai an zauna a ofis ake aiki, ya zo ya duba.

Litinin, bayan la'asar

Malama ta dawo daga makaranta, na miƙa mata waya. Ta karanta a tsaye, jakarta a kafaɗa, ta ce, "Baban Auta, za ka gaya musu?"

Na ce, "In gaya musu me?"

Ta dube ni, ta dubi abin da ke jingine a jikin bango, ta wuce kicin. Shekara ashirin da bakwai muna tare, na san ƙarar tukunyarta idan tana da magana a ciki.

Ofishinmu yana hawa na uku. Matakala goma sha takwas a kowane hawa, hamsin da huɗu ke nan. Babu lif. Na san lissafin don ni na zana benen da hannuna, tun ana zane da fensir. A lokacin an kawo maganar lif, ni na ce ɓarna ce, hawa uku ai motsa jini ne.

Talata, 12 ga wata, sha ɗaya da rabi

Mun yi taro ta kwamfuta. Na sa farar rigata mai guga, na gyara hula, na daidaita kyamara yadda na saba, daga ƙirji zuwa sama.

Kowa ya yi ta kuka. Wannan ya ce cunkoson hanya, waccan ta ce wa zai ɗauko mata yara, wani ya ce shi har ya manta inda ya ajiye takalman ofis. Ban taɓa roƙon sassauci a wurin aiki ba, ba a gaban yaran da na girme wa iyayensu zan fara ba.

Dogo ne ya jawo ni. Abokin aikina ne tun muna samari, shi da aka yi kulle ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, can yake aikinsa har yau. Fensir yake kirana tun da can. Ya ce, "Ku bar Fensir, shi murna yake. Mutumin da ke hawa benen nan bibbiyu kamar ɗan akuya, mu muna haki a baya!"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na iya.

Laraba, 13 ga wata, azahar

Na je wurin Sajan. Ba soja ba ce, ma'aikaciyar asibiti ce da ta sake koya mini tafiya, ni na sa mata sunan saboda ba ta san wasa ba. Na ce mata ina so in hau matakala hamsin da huɗu nan da kwana goma sha tara.

Ta ce, "Yanzu nawa kake yi?"

Na ce, "Takwas."

Ta ce, "Shida. Biyun ƙarshe ni nake tura ka."

Na ce to shida. Ta ce za a iya, amma ba a kwana goma sha tara ba, kuma ba kullum ba, kuma me ya hana ni gaya wa mutanen ofis su nemo mini wuri a ƙasa? Na ce ba shawara na zo nema ba, horo na zo nema. Ta ce, "Allah ya shirye ka, Baba. Tashi. Ƙafa mai lafiyar ce ke fara hawa, ɗayar ta biyo."

Alhamis, 14 ga wata, biyar da rabi na yamma

Makarantar su Malama akwai bene mai matakala ashirin. Ta roƙi maigadi ya bar mu bayan an tashi. Ita ta ja mota, ita ta tsaya a ƙasa da robar ruwa tana ƙirgawa da ƙarfi kamar tana aji ɗaya.

Sha ɗaya.

Juma'a, 15 ga wata, biyar da rabi

Sha huɗu. Ba wani abu ba ne.

Asabar, 16 ga wata, shida saura kwata

Ashirin! Na kai sama. Na tsaya a baranda na hango filin ƙwallo da rufin gidaje da tankunan ruwa. Rabona da in ga rufin gida daga sama tun kafin asibiti. Na ce wa Malama ta hau ta gani, ta ce ita kullum nan take wuni, ba abin kallo. Amma ta hau. Ta ce iska ce ta sa mata ƙwalla.

Litinin, 18 ga wata, goma na safe

Manaja ta kira ni ni kaɗai. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, a lokacin kulle aka ɗauke ta, bayan rasuwar tsohon manaja, Allah ya jiƙansa. Shi kaɗai ya san dalilin hutun wata biyun da na ɗauka, ya kuma tafi da shi.

Ta ce, "Baba Injiniya, alfarma nake nema. Idan kai ka zo ranar farko, babu wanda zai yi mini gardama."

Sai ta nuna mini wani zane da ɗaya daga cikin sababbin ma'aikata ya yi. Ƙofar banɗaki tana buɗewa kai tsaye a bakin matakala. Ta ce su biyar aka ɗauka a shekara ukun nan, babu wanda ya taɓa zama kusa da babba, babu wanda aka taɓa leƙa masa takarda ta bayan kafaɗa. Ta ce so take ta sa teburina a tsakiyarsu.

Na so in ƙi maganarta, na rasa ta inda zan kama. Ni ma haka na koya. Wani tsoho ne yake tsayuwa a kaina, ba ya magana, sai dai ya ɗora yatsa a kan layin da na karkace ya wuce. Ta kwamfuta ba a ɗora yatsa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ranar ɗaya ga wata ina kan teburina."

Na faɗa, kuma ba na mayar da magana.

Litinin, shida na yamma

Sama, ƙasa, sama. Talatin da biyu.

Talata, 19 ga wata, shida na yamma

Arba'in. Akwai ɗan zafi a wurin. Ba wani abu ba ne.

Laraba, 20 ga wata, bakwai na safe

Safa ta manne. Malama ta jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita.

Laraba, azahar

Sajan ta duba. Bororo ne ya fashe, fata ta ɗaye. Ta ce kwana bakwai ba zan sa waccan ta jikin bango ba, ko zuwa banɗaki, sai sanduna. Ta ce da irin ciwon sukarin da ke jikina, ƙaramin rauni ba ƙarami ba ne, kuma na fi kowa sanin inda ƙaramin rauni yake kai mutum.

Na sani.

Alhamis, 21 ga wata, tara na safe

Aiki. Na gama zanen hawa na biyu na asibitin yara. Na faɗaɗa ƙofofi, na sa gangara a ƙofar baya ma, ko da ba a nema ba. Zanen ya yi kyau. Ban damu da wanda zai faɗa ba, ni na san ya yi kyau.

Juma'a, 22 ga wata, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Malama. Rabonmu da irinsa an daɗe.

Ta same ni ina ƙoƙarin sa ta a ɓoye, in gwada ko taku goma ne a tsakar ɗaki. Ta fizge ta daga hannuna, ta kai ɗakinta, ta kulle. Na ce ta dawo mini da kayana. Ta ce sai ranar da Sajan ta ce. Na ɗaga murya, abin da ba halina ba. Sai ta faɗi abin da ba a faɗa a gidan nan.

Ta ce, "Ƙafa aka yanke maka, Baban Auta, ba kai ba! Sata ka yi da kake ɓuya? Shekara biyu da rabi ina yi wa mutane ƙarya a waya, yana barci, ya fita, yana taro. Na gaji. Ni ba na jin kunyarka, kai ne kake jin kunyar mijina."

Na rubuta yadda ta faɗa. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Asabar, 23 ga wata, hantsi

Ta kawo shayi. Na sha.

Lahadi, 24 ga wata, sha biyu na rana

Dogo ya zo.

Ashe tun jiya ya dawo da iyalinsa saboda komawa ofis, ya tambayi sabon gidanmu wajen surukina, ya taho babu waya babu komai. Malama tana bayan gida tana shanya, ƙofa a buɗe. Sallamarsa kawai na ji, kafin in jawo mayafi ya riga ya shigo, hannunsa riƙe da ledar lemo.

Ina kan doguwar kujera da gajeren wando. Sanduna a gefe.

Ya tsaya. Ya kalla, ya daɗe yana kallo, sannan ya kalli fuskata. Na shirya wa tausayi, na ma tanadi amsar da zan ba shi. Ba tausayi ya zo da shi ba.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Cikin kulle na biyu."

Ya ce, "Cikin kulle na biyu. Lokacin da nake kiranka kullum ina ba ka labarin kajina, kana dariya."

Na ce ba a barin masu dubiya a lokacin. Ya ce, "Waya ma an hana? Fensir, ni ne fa. Ranar da aka haifi Auta wa ya kwana da kai a barandar asibiti? Ka mayar da ni bare, ka bar ni ina yi maka ba'ar hawa bene a gaban yara kamar wawa."

Ya ajiye ledar a ƙasa, ba a kan tebur ba, ya fita. Na ji tashin motarsa.

Duk shekarun nan tunanina kada kowa ya gan ni a rage. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda na rage ba.

Litinin, 25 ga wata, takwas na safe

Bai kira ba.

Litinin, biyar na yamma

Na kira shi. Ni na fara kira, a rubuta wannan. Ya ɗauka a ƙara na shida, ya ce, "Wa ke magana?" Na ce mai gidan da ka zubar wa lemo a ƙasa. Ya ce yana zuwa.

Ya zo da tef ɗin awo a aljihu, ya ce ya biya ta ofis. Ƙasa dai babu wuri, masu kantin magani sun kama duka. Amma a hawa na ɗaya akwai ɗakin ajiyarmu, inda tsofaffin taswirori suke cin ƙura, taga biyu, ya auna mini tsawo da faɗi. Matakala goma sha takwas maimakon hamsin da huɗu. Ya ce shi zai yi wa manaja magana.

Na ce a'a. Idan za a yi maganar ƙafata, da bakina za a yi.

Talata, 26 ga wata, sha ɗaya na safe

Na zana ɗakin. Tebur shida, nawa a tsakiya, haske daga hagu, kantocin ajiya sun koma bango ɗaya har sama. Awa biyu ya ɗauke ni. Wasiƙar da za ta raka shi kuwa, layi uku, ta cinye mini safiya. Na goge "ina neman alfarma". Na goge "abin takaici". Abin da ya rage: an cire mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa shekara biyu da rabi da suka wuce, ina tafiya da ta roba, ga shawarata a kan wurin zama.

Na kira Malama ta karanta kafin in tura. Ta gyara mini waƙafi ɗaya. Malamar makaranta dai.

Na tura.

Talata, huɗu na yamma

Shiru.

Laraba, 27 ga wata, tara na safe

Shiru. An buɗe saƙon, na ga alama.

Sajan ta ce wurin ya kame, in fara sa ta awa biyu a rana. Malama ta buɗe ɗakinta ta fito mini da ita, har ta goge ta.

Laraba, uku na rana

Manaja ta kira. Muryarta ta canja, ta yi laushi, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Baba sannu, Baba ba mu sani ba, Baba Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce maganar ɗakin ajiya sai masu kamfani sun zauna, zai ɗauki lokaci. Amma ta samo mini mafita mai kyau: ni kaɗai an yafe mini, in ci gaba da aiki daga gida har in yi ritaya, saboda yanayina.

Saboda yanayina.

Sati biyu da suka wuce da an ce mini haka, ba tare da na faɗi komai ba, da na yi sujjadar godiya. Yau ji na yi kamar an naɗe ni an ɗora a kanta tare da tsofaffin taswirori.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ranar Litinin waccan kin ce yara biyar suna bukatar wanda zai duba musu layi. Ƙofar banɗakin nan ta gyaru ne?"

Ta ce a'a.

Na ce, "To idona ba a taɓa shi ba. Litinin da Alhamis zan riƙa zuwa, sauran kwanaki ina gida, a nan na fi sauri. Ki sa a ajiye mini kujera."

Sai ta ce, da muryarta ta da, "Ƙarfe takwas ake buɗewa, Injiniya." Na fi son wannan muryar.

Asabar, 30 ga wata, shida na yamma

Makaranta. Ashirin kawai, a hankali, Sajan ta ce in na wuce haka ta cire hannunta daga kaina.

Lahadi, 31 ga wata, bayan la'asar

Na goge takalma, duka biyun. Malama ta tambaya ko dogon wando mai faɗi zan sa. Na ce wanda na saba sawa ofis zan sa, in ya nuna ya nuna.

Litinin, 1 ga wata, shida da rabi na yamma

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Malama ta sauke ni bakwai da kwata. Ta so ta raka ni, na ce ta tafi kada ta makara, yara na jira. Dogo yana bakin ƙofa, wai shi ma yanzu ya iso, alhali kofin shayinsa ya huce.

Hawa na ɗaya lafiya lau. Na huta a ɗan filin da ke tsakanin hawa da hawa, na ci gaba. A na biyu gwiwa ta fara rawa, zufa ta jiƙa mini riga. Mutane suka fara isowa, suna gaishe ni suna rasa inda za su sa idonsu. Wasu suka tsaya a bayana kamar masu bin gawa, na ce su wuce, ba layin asibiti ba ne. Da na taka ta talatin da shida na san an gama. Saura goma sha takwas, ina kallonsu, na san tsayin kowace ɗaya, na kuma san in na taka su Sajan za ta karɓe ƙafar wata guda.

Na tsaya. Na ce wa Dogo, "Sauko mini da kujera da ƙaramin tebur. Ka ce wa yaran nan biyar su kawo zanensu."

A nan na yi aikin yau, a filin hawa na biyu, ƙarƙashin taga. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, a tsorace, sun saba ganina a ɗan akwati a kusurwar allon kwamfuta. Mai ƙofar banɗaki ya shimfiɗa takardarsa. Na ɗora yatsa a wurin. Ya kalla, ya kalli matakalar da ke gefenmu, ya dafe kai ya ce, "Innalillahi, Baba, ai mutum zai fito ya gangara!" Na ce to ka gani da kanka, je ka gyara. Wata yarinya a cikinsu hannunta yana da kyau ƙwarai, sai dai tana tsoron layinta. Wannan za ta yi nisa in an bar ta kusa da ni.

Wajen sha ɗaya manaja ta sauko. Ashe gajeruwa ce. Kafin ta buɗe baki na ce mata zaman nan ya saɓa doka, hanyar gudu ce idan gobara ta tashi, a kamfanin masu zanen gini kuma abin kunya ne. Ta ce ta sani. Ta ciro waya a gabana ta kira masu kamfani, ta ce ko su ba ta ɗakin ajiya yau, ko su zo su ga inda babban mai zanensu yake zaune. Kafin azahar an fara fitar da kwalaye.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan Sajan ta sha gaya mini. Ƙarfe huɗu na miƙe, na kama ƙarfen gefe, na ga hannu ɗaya ba zai isa ba. Ma'aikata suna saukowa, kowa yana gani. Na ɗora hannuna a kafaɗar Dogo. Ban yi dabara ba, ban yi kamar hira muke ba, na dafa shi sosai, na sakar masa nauyina.

Mun yi taku biyar ko shida, sai ya yi nishi ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Kai Fensir, mutumin da aka rage wa kaya, har yanzu nauyin nan? Da sun haɗa da tumbin."

Yarinyar nan ta toshe baki. Ni kuwa dariya ta kama ni, irin wadda ke fitowa daga ciki, har sai da na zauna a kan matakala ina share hawaye, ƙafar a miƙe a gabana, wando ya ɗage, ƙarfenta yana ƙyalli, ban ja na rufe ba. Sai sauran ma suka fashe.

A mota na ba Malama labari. Ta taka birki a gefen titi ta ce, "Dogon ne ya faɗa maka haka? A gaban mutane? Ba ni lambarsa."

Na ce ta ja mota mu tafi, babu mai taɓa mini Dogo.